Ranar da Tabki Ya Juye Mana

Shekarar da na yi aure, tabkin da ke yamma da ƙauyenmu, kusa da Gangara, ya cika har tarwada ta yi yawa. Ni da yayana mukan shiga da taru in mun taso daga gona.

Ruwan tabkin nan zafinsa ba ɗaya ba ne. In rana ta take kuma babu iska, samansa ɗumi ne kamar an sirka, ƙafafunka kuwa suna cikin sanyi. Ka yi taku uku zuwa inda girgije ya yi inuwa ko iska ta shafa, sai sanyi ya kama maka ƙirji. Da wannan bambancin yayana yake gane inda kifi ya kwanta.

Ran nan da la'asar muna tsakiya, ruwa iya ƙirji, sai ɗumin ya ɓace gaba ɗaya. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta tono ruwan ƙasa mai sanyi ta maido shi sama, da laka da wari. Na ce mu fita. Ya ce tarun ya cika, ba zai sake shi ba.

Sai ƙanƙara ta ɓarke. Ɗaya ta fasa mini goshi, jini ya rufe mini ido. Ruwa yana marina, ina haɗiyar laka, muna jan taru. Muna dab da gaɓa iska ta tsage reshen wani gawo, ya faɗo wa yayana a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashi. Ya nutse, taru ya naɗe masa ƙafa.

Na nutsa ina lalube, yatsuna sun ƙage don sanyi. Da ƙyar na zaro wuƙa na yayyanke tarun, na jawo shi da wuyan riga har tudu. Ya yi ta aman ruwa, sannan ya buɗe ido.

"Ka saki kihin?"

"Na sake shi, Yaya."

Wani makiyayi da ya fake a gindin kalgo ya taimake ni muka ɗora shi a amalanken jaki, muka kai shi wajen mai ɗori kafin magariba. Ƙashin ya haɗe, amma hannun bai sake ɗaguwa sosai ba. Daminar nan ni na ƙarasa masa noma, shi kuma daga baya ya koma sayar da goro ranar kasuwa.