Mutumin da ya yanke wutar unguwarsu

Kullum da sassafe Injiniya Yamusa yakan bar gidansa a Dutse Alhaji, ya nufi tashar rarraba wutar lantarki da ke bayan gari. Aikinsa zama gaban allo yana lura da bugun wuta. Ita ma wuta tana da bugu kamar zuciya, kuma dole ya tsaya a kan hamsin a kowane sakan. Idan masu jan ta suka fi ƙarfin injunan da ke samar da ita, sai bugun ya yi ƙasa. In ba a sauke mata kaya nan take ba, duk layukan su faɗi tare, a wuni ana fama da tayar da su.

A wasu ƙasashe akwai manyan layuka masu ɗaukar wuta mai gudu ta fuska ɗaya, na'ura ce ke ƙaro ta daga nesa kafin ƙiftawar ido, ta tallafi bugun. Yamusa ya sha ba da labarinsu har matarsa Zulai ta hana shi wannan hira a kan tuwo. A tasharsa babu su. Hannunsa ne kawai, da zaɓin wanda za a yanke.

A bazarar bara, da tsakar rana, wata babbar tashar samar da wuta ta tsaya cak. Abokiyar aikinsa, Injiniya Vivian, ta shaida mini cewa layi biyu ne masu nauyi a gabansu, dole kuma a yanke ɗaya: na asibiti da gidan ruwa, sai na Dutse Alhaji.

Ta ce masa, "Oga, wannan na gidanku ne fa. Kuma yau akwai biki a layinku."

Ya ce, "Na sani. Yanke."

Bikin 'yar maƙwabcinsa Alhaji Mubarak ne. Ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi ɗumi, lasifika ta mutu ana cikin addu'a. Kafin magariba unguwa ta gama shari'a: wai da gangan ya yi, saboda tsohon saɓaninsu da Alhaji Mubarak a kan kwata. Tun ranar ba a amsa gaisuwarsa sai da ƙyar, mata kuma suka ɗauke ƙafa daga wurin Zulai.

Abin nan ya ɓata mini rai, ba kuwa zan ɓoye ba. Yanzu zoɓo mai sanyi muka ɗora a sikeli ɗaya da ɗakin tiyata? Mun iya zagin masu wuta in ta ɗauke, amma ranar da gari bai faɗa duhu ba, ba mai tambayar hannun wa ya tare. Da na yi masa maganar, bai zagi kowa ba, cewa kawai ya yi kowane layi da mutane a ƙarshensa.

Injiniya, kai ne ka fara da gidanka a lokacin da wani zai fara da na marasa galihu. Kai ne ka sha zafi a ɗaki ɗaya da iyalinka, ka fito aka kawar maka da kai. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu riƙe da makunnin jama'a, ku yi koyi.

Ranar Asabar ake walimar ritayarsa a ƙofar gidansa. Zulai ta sa an kawo kujeru, tana fargabar su wuni babu kowa. Ni dai zan je. Mutanen Dutse Alhaji, ku zo ku ce masa sannu da aiki, don har yau bai ji ta daga bakinku ba.