Sunayen da Malam Barau Ya Rubuta

Tun da raƙumi ya harbi Malam Barau a ƙeya a kasuwar Maigatari, bayan yunwar Kakalaba, abu biyu suka zauna masa: farfaɗiya da mantuwa. Sai ya dubi amininsa, sunan ya ɓace masa. Da yake rumbunsa ba ya rabo da gero, ba a rasa masu taya shi cin tuwo. Duk wanda ya sa hannu a akushinsa, sai ya rubuta sunansa da ajami ya adana. Mutane suna cewa addu'a yake yi musu. Shi kuwa asirinsa yake rufawa.

Shekara bakwai ana haka, sai aka hana wata mai farfaɗiya, Safara'u, matar wani makiyayi, ɗiban ruwa a rijiyar gari, wai yawun mai farfaɗiya yana sa wa mutum ciwon. Barau ya ɗauki gafakar takardunsa sai ƙofar dagaci.

"Ranka ya daɗe, ciwonta nake da shi. Ga waɗanda suka ci da ni."

Ya yi ta karantawa, harshensa yana sarƙewa. Wani ya ce, "Ashe har da kai, Liman?" Aka kwashe da dariya.

Barau ya ce, "Wa ya taɓa faɗuwa a cikinku?"

Ba a samu ko ɗaya ba. Can dagaci ya ce, "Malam, me ya sa ka rubuta mu?"

Barau ya dubi dagaci, mutumin da suka yi wasan ƙasa tare. "Ranka ya daɗe, ko sunanka sai na duba takarda."

Kafin la'asar gugan Safara'u ya shiga rijiya.