Alhazai Takwas a Farantin Gwaggo

Ana sallame sallar asuba muka bar Makka, ni da maigidana. Mun gama umra, saura kwana biyu jirginmu ya tashi, sai muka nufi Jidda wurin gwaggona, ƙanwar babanmu, wadda ta fi shekara arba'in a ƙasar. Direban tasin ba ya jin Hausa, mu ba ma jin Larabci, da yatsu muka yi ciniki. Titi lafiyayye, babu rami ko ɗaya. Maigida da ya saba yi wa direbobi faɗa ya rasa abin cewa, sai ya ɓige da barci.

Tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina, Gwaggo ta koma Sharafiyya wurin 'yarta, hawa na uku. Na isa sama ina haki, tsohuwa tana yi mini dariya. Aka kawo dafaffen wake da mai, da burodi mai faɗi da zafinsa, da shayin na'ana'a. Ni mai cewa ba na cin wake da safe, sai da na suɗe kwanon.

Muna cikin hira Gwaggo ta kwance wani zani, ta fito da farantin tangaran mai zanen shuɗi: mutum takwas a kan teku. Marigayi mijinta, Malam, shi ya sayo mata a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa ta Jidda, farkon zuwansu, ya ce alhazan Sin ne suna tsallakowa Makka. Wa zai ga laifinsa? Ga gemu, ga manyan riguna, ga mai sanda da gora kamar ta alwala, har da tsoho a kan jaki. A cikin kayan Malam, shi kaɗai ya rage mata bayan tashin da suka yi. To, wata maƙwabciya ta gani a bango ta ce gumaka ne, a fasa. Tun ranar Gwaggo ta sauke shi ta naɗe, hankalinta bai kwanta ba.

Ta ce mini, "'Yar nan, in gumaka ne ba zan zauna da su ba. Amma hannuna ba zai iya fasa abin Malam ba."

Sai muka ce mu ɗauki farantin mu je a bincika. Da hantsi muka shiga Balad, mu huɗu da 'yar tata. Tsofaffin benaye ne masu tagogin katako, lunguna a matse, ƙamshin turaren wuta ta ko'ina, ga zufar bakin teku mai manne wa mutum riga a jiki. Dabino ya fi na Makka araha, na sayi tsaraba har maigida ya fara hararata. Shagon da Gwaggo ta tuna kuwa yanzu kayan waya ake sayarwa, mai shagon ma ba a haife shi ba lokacin.

'Yar Gwaggo ta ce, "Halas, shi ke nan. Yalla, mu tafi, akwai wani Musulmi ɗan Sin mai gidan abinci kusa da mu." A can na ga ana jan taliya da hannu a gabanmu, a zuba ta cikin romon naman sa. Na gwada cin ta da tsinkayen nan nasu biyu, na ga zan tozarta, na nemi cokali.

Da dattijon mai gidan abincin ya ga farantin, sai da ya goge hannunsa kafin ya karɓa. Yana magana da Larabci, 'yar Gwaggo tana juya mana. Ya ce ba alhazai ba ne. Mutane takwas ne na labaran ƙasarsu, waɗanda aka ce sun samu sirrin rashin mutuwa. Gurgun nan mai sandar ƙarfe, magani ne a gorarsa. Tsohon yana hawan jaki ne ya ba hanya baya, in ya sauka ya ninke jakin kamar takarda ya ajiye. Akwai mace da furen bado, akwai mai sarewa. Da suka zo bakin teku, kowa ya jefa abin hannunsa a ruwa ya haye a kai. Ya ce tsofaffi ake bai wa irin wannan faranti, don fatan tsawon rai.

Gwaggo ta tambaye shi kai tsaye, "Ana bauta musu?"

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce mabiya addinin Tao suna girmama su, suna kunna musu turare. Shi da iyayensa Musulmi ne, labarin kawai suka sani. Amma rabonsa da ganin irin zanen tun yana yaro a garinsu, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa.

Na ɗauka an gama da faranti. Sai Gwaggo ta fashe da dariya.

"Allah ya jiƙan Malam. Shekara arba'in ina ajiye da baƙi, ina ce musu alhazai, ashe ko iƙama, takardar zama a ƙasa, ba su da ita." Ta tura farantin gabansa. "Hajji, ga 'yan garinku nan. A ɗakina dai sun gama zama, amma kar ka bari a fasa."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai aika wa ƙanwarsa a gida, mai son tara tsofaffin tangaran. Gwaggo ta shafa gefen farantin sau ɗaya, ta janye hannu. A hanyar komawa ita ce a gaba, tana ba mu labarin wautar Malam kala-kala, muna ta dariya.

Mun sauka Kano lafiya, dabino ya isa kowa. Abin da na koyo shi ne, tambayar mai abu ta fi zama da zullumi, kuma mutum yana iya rabuwa da abin da yake ƙauna ba tare da ya lalata shi ba. Jiya na kira Gwaggo na tambaye ta ko tana kewa. Ta ce tana yi mana, amma yanzu in ta tuna Malam addu'a take yi masa da zuciya ɗaya.