Ranar da Wutar Ƙofar Gayan Ta Zo da Ƙarfinta

Jama'a, tarihi ya shaida: yau fankar ɗakina ta tashi da kanta, ban tura ta da tsintsiya ba!

Wuta ce ta zo da cikakken ƙarfi. Nan take hankalin unguwarmu, Ƙofar Gayan, ya tashi.

Maƙwabcina Malam Iro ya leƙo. "Malam, cire firiji. Wani ya taɓa taransifomar nan. Wannan kirkin ba na Allah ba ne, kaya za ta ƙona."

Uwargida ta ce, "Kunun ayar da zan sayar fa?"

Na ce gara kunu ya tafi da firiji ya tafi. Na cire. Har la'asar muna zaune muna hararar ƙwan lantarki, shi kuwa lafiya lau.

Ashe mai waldar bakin titi ne ya tafi bikin suna a garin Giwa, injinsa mai shanye mana wuta yana kashe.

Kunun dai ya yi tsami.