Ƙullin Yaji a Teburin Bature

Inna ta daina cin abinci a bazarar da sanƙarau ya ɗauke Yaya. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ba ta ci ba. Za a zuba mata tuwo ta karɓa, ta ja akushin zuwa ɗaki, da safe in shiga in tarar da shi yadda aka kai, sai gurbin yatsa ɗaya a gefe. Ni nake kwashewa in watsa wa kaji. Kajinmu sun yi ƙiba a shekarar nan, ita kuwa har awarwaronta ya riƙa zamewa yana faɗawa cikin turmi in tana daka.

Lokacin ban wuce shekara sha biyu ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, don 'yar tutar da aka raba mana a makaranta tana nan maƙale a rumfar Baba, ta koɗe. Baba tela ne a kasuwar Bodinga. Mu uku ya haifa: Yaya, sai ni, sai Auta.

Yaya ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa a gida. Inna 'yar Kajiji ce, ta riƙe wannan kunya fiye da duk matan unguwarmu. Tun da aka yaye shi Kaka, uwar Baba, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta da ke can ƙuryar gidan. Ban taɓa ganin Inna ta miƙa masa ko kofin ruwa hannu da hannu ba. Abu ɗaya na sani. Yaya mayen yaji ne, kuma duk ranar da zai kai ɗinkin Baba Shagari, Inna za ta daka yaji da kuli-kuli da citta, ta ƙulle a tsumma, ta ɗora kan katangar madafa, ta ce da iska, "A ɗauke abin ga daga nan." Shi kuma ya zo wucewa ya sa a aljihu, ko kallonta ba ya yi.

Da ya rasu mata suka cika gida. Suka wuce ƙofar Inna, suka shige ɗakin Kaka, can ake kuka, can ake ba da haƙuri. Wadda ta leƙa wurin Inna sai ta ce, "Ina haƙurin tsohuwa?" Inna ce ta yi ta dafa wa masu gaisuwa abinci har aka share makoki. Yabonta ma aka riƙa yi, wai ko ɗigon hawaye ba a gani ba, wai 'yar mutunci. Har yau in na tuna yabon nan sai raina ya ɓaci, amma a lokacin ban ji komai ba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji tsoro ba. Ina shara, ina ɗebo ruwa, ina ba kaji tuwon Inna. Na ga tana ci gaba da daka yajin nan, tana ƙullewa, sai dai ta daina ɗorawa kan katanga, a haɓar zanenta take ɗaurewa. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Baba ya karɓo rubutu wurin malaminmu na allo, ta sha. Ya sayo maganin ƙarin jini a kwalba, ta sha. Abinci ne dai ba ya wucewa. Ana cikin haka aka ce wasu Kwarori, Larabawan nan 'yan kasuwa, sun zo da kayan wasa a manyan motoci sun kafa bayan kasuwar Shagari, da lilon ƙarfe mai juyawa da majigi. Baba ya ce za mu tafi mu yi 'yan kwanaki wurin Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure can, duk gidan.

Kaka ta ce, "Mi kaka nuhi? Ka ɗauki matar aure ka kai ta kallon lilo? Mi mutane za su ce?"

Baba bai saba mayar mata da magana ba. Ranar ya ce, "Iya, su ce abin da sunka ga dama. In nib bar ta ɗakin ga, bizne ta za mu yi kahin damina ta hita."

A gabana ya faɗa. Na ji, na ci gaba da tsince shinkafa.

Muka tafi a bayan motar aikin hanya. A shekarun ana ta shimfiɗa kwalta a Jihar Arewa, kuma Turawan da ke aikin ta wajenmu 'yan Italiya ne. Inna ta lulluɓe har ido, ta riƙe ƙarfen motar har muka sauka.

Filin wasan ba wani abin kirki ba ne in na tuna shi yanzu. Inji na ta ƙara yana hayaƙi, kujerun ƙarfe rataye da sarƙa suna zagaya wani dogon turke, yara na ihu. Ga masu rake, ga masu alewa, ga wani da ke nuna hotuna cikin akwati. Auta ya hau lilon ya ƙi sauka, sai da aka ɓamɓare shi. Ni ma na hau. Kujerar ta ɗaga, rumfunan kasuwa suka shiga wucewa, kowane zagaye sai in hango Inna zaune a gindin wata bishiyar bedi, ta juya wa filin baya. 'Yar da ke kusa da ni tana ta ƙyaƙyata dariya har da hawaye. Na jira in ji abin da take ji, har injin ya tsaya ban ji ba. Baba ya sayo wa Inna rake, ta riƙe shi a hannu yini guda, da yamma ta ba Auta.

A rana ta biyu Baba ya ce bayan magariba za mu ci abinci wurin Bature. Wani ɗan Italiya ne, tsohon kukun ma'aikatan hanya, da ya kafa rumfa a bakin gari yana dafa wa 'yan uwansa da akawuna da direbobi. Baba ke ɗinka masa fararen riguna da mayafan tebur, Yaya ke kaiwa. Tun rasuwar sai Baba ya koma ba direba saƙon, kuma ta bakin direban ya aika cewa zai zo da gidansa duka. Gwaggo ta riƙe baki, ta ce sai mun ci alade mun dawo. Baba ya ce ya san mahaucin da ke yanka wa mutumin rago, sahu ɗaya suke sallah in ya zo Shagari.

Ban san abin da Baba ya hango ba. Wataƙila ya ga tunda tuwo ya gagara, bari a gwada abin da ba ta taɓa gani ba. Abin da ya manta, ko ya ƙi tunawa, shi ne Inna ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba tun da aka kawo ta gidan. Mu ba ma haɗa akushi da maza. Shi a zaure yake ci, mu a tsakar gida. Yanzu kuma ga tebur ɗaya, ga kujeru suna kallon juna, ga wasu akawuna biyu a ɗaya teburin suna shan taba.

Rumfar an kewaye ta da zana, an rataye fitilar Turawa mai haske fari. Mayafin teburin na gane shi, ni na cire masa zaren gefe. An jera faranti biyar da cokula masu yatsu. Mu huɗu muka zo.

Baturen ya fito daga madafa, gajere ne mai tumbi, fuskarsa ja wur saboda wuta. Hausarsa a karye take, amma ba ya jin kunyar yin ta.

"Tela! Sannu, sannu! Madam, sannu! Zauna, zauna!"

Muka zauna. Inna ta ɗosana a bakin kujera, ta karkata fuska wajen zana. Ya kawo wani babban kwano yana tururi, taliya ce dogaye da jar miyar tumatir da niƙaƙƙen nama, ya zuzzuba mana. Ya goga wani cuku a kai wanda ya fi na Buzaye wari. Farantin na biyar ya fi cika shi, har ya yi tozo. Sannan ya leƙa ƙofa, ya dawo.

"Ina babban yaro? Ni ya dafa nashi da yawa. Shi yana ci biyu."

Baba ya dubi mayafin tebur. "Allah ya yi mishi rasuwa. Tun bazara."

"Ya tafi Sakkwato?"

"A'a." Baba ya ɗago kai. "Ya mutu."

Tun da abin ya faru ban ji an faɗe shi haka tsirara ba. Baturen ya tsaya da ludayi a hannu. Ya ajiye, ya cire farar hularsa. Sai ya yi abin da babu mahaluƙin da ya yi a Bodinga. Ya zagayo ya tsaya gaban Inna, ya kira sunan Yaya, sunansa na yanka, ya ce, "Ke mama nashi. Sannu, mama. Sannu. Yaro naki mai kyau." Hawaye na bin kumatunsa, ƙaton mutum, ko gogewa bai yi ba.

Baba ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, ya rasa ta inda zai fara. Ta yaya za ka bayyana wa baƙo cewa ba a yi wa uwa gaisuwar ɗanta na fari? Ni kaina kunya ta kama ni, kamar mutumin ya buɗe mata lulluɓi a kasuwa. Akawunan nan suka juyo suna kallo. Inna ba ta motsa ba. Auta kaɗai ke fama da cokali, taliyar na zamewa tana komawa faranti.

Baturen ya ja hanci, ya miƙa hannu zai ɗauke farantin na biyar.

"Ke," in ji Inna. Da ni take, amma zana take kallo. Muryarta ta dushe don rashin amfani. "Tambaye shi. Hakanan shika cinai? Ba yaji?"

Ban kai ga tambaya ba, Baturen ya ji. Ya saki farantin, ya yi wata dariya cikin kuka.

"Yaji! Kullum! Yana cire a aljihu, cikin tsumma, yana zuba, yana zuba, abinci nawa ya lalace! Ni ya taɓa sau ɗaya, ni ya sha ruwa tulu guda." Ya dafa ƙirji. "Ya ce mama nashi ta daka. Ya ce mama ba ta magana da shi, amma kullum yaji yana kan bango."

Ina jin injin lilo daga nesa, da hayaniyar masu jiran majigi.

Inna ta sa hannu cikin mayafi, ta kwance haɓar zanenta. Ta fito da ƙullin. Ta warware shi da ramammun yatsunta. Ta ture farantin da ke gabanta gefe, ta jawo na biyar, ta barbaɗa yajin a kai har jar miyar ta koma ƙasa-ƙasa. Sai ta tsaya, hannunta a bakin farantin.

Baba ya gane kafin ni. Ya miƙe ya ce, "Bari in dibi motocin aikin ga." Amma bai fita ba. Ya je ya tsaya tsakanin teburinmu da na akawunan, ya juya mata baya, ya ware hannuwan babbar rigarsa ya riƙe ƙugu, yana kallon duhun hanya ta ƙofar rumfa. Babu wata mota a wurin. Baturen ya dube shi, ya dubi Inna, ya koma madafa ya saki labule.

Ta ture cokalin, ta ce bismilla, ta sa hannu. Lomar farko ta daɗe a bakinta. Na ga maƙogwaronta ya motsa, na ga ta sake kai hannu. Ba da sauri take ci ba, ba kuma da marmari ba, ci take kamar mai aikin da aka ba ta. Yajin ya sa hancinta zuba, idanunta suka kawo ruwa, ta bar su suna gangarowa cikin farantin. Ko a Bodinga aka ga wannan, za a ce yaji ne. Ni dai ina zaune da tawa taliyar tana sanyi, ina kallon tozon nan yana raguwa. Abincin Baba ya sandare a inda yake, shi kuwa bai juyo ba, bai sauya ƙafa ba.

Ta cinye tas. Ta suɗe hannu, ta sha ruwa. Sannan ta tattara bakin tsumman, da sauran yaji kaɗan a ciki, ta ƙulle shi irin ƙullin da ta saba. Ta ɗora a gefen tebur, daidai kujerar da babu kowa, ta gyara lulluɓinta, ta ce da iska, "A ɗauke abin ga daga nan."

Na ga kafaɗun Baba sun girgiza. Auta ya ɗaga kai yana neman wanda zai zo. Ƙullin na nan kan farin mayafi, babu mai wucewa ya sa a aljihu.

Ni na miƙa hannu na ɗauka. Da ɗuminsa, na jikinta. Sai a lokacin, bayan watannin nan duka, na san Yaya ya mutu, na kifa kai a teburin Bature na yi ta kuka, Inna tana ce mini in yi shiru in ci abincina kada ya huce.