Tafin Hannun Baba Danda Mai Faci

Shekara goma sha biyar ina da mota, har yau ban san ta wane gefe ake kwance noti ba. In taya ta yi faci, aikina shi ne in tsaya gefe in riƙe ƙugu kamar mai ba da shawara. Ta haka na san Baba Danda.

Kullum da hantsi yana nan ƙarƙashin itacen bedi a bakin garin Tasawa, daidai inda hanyar rairayi ta ƙauyukan arewa ke hawa gudron, wato kwalta. Zai tada tsohon injin iskarsa, ya cika rabin duro da ruwa, ya jawo benci ya zauna fuskarsa na kallon rairayi. Motocin kasuwa yake jira. Duk shofer ɗin da ya taso daga Mairairai sai ya rage wa tayoyinsa iska, in ba haka ba yashi ya riƙe shi. Wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ya hau gudron da tsakar bazara, da buhunan wake da mutum ashirin a sama, ya taka wuta da tayoyin nan ba isasshiyar iska.

Nan Baba Danda ke miƙewa ya tsaya tsakiyar hanya.

"Tsoho, kauce! Kasuwa na watsewa!" in ji Inusa, wani shofer da ba a taɓa ganin ya iso wuri da wuri ba.

"Ta watse. Sauko."

"Rana fa ta yi! In ka ƙara iska fashewa za ta yi."

"Uban wa ya gaya maka? Taya mai yunwa ce ke fashewa. Tana tafiya tana lanƙwasa, tana dafa kanta daga ciki. Kai kana jin rediyo, ita tana nuna."

Sai ya ɗora tafin hannunsa a gefen tayar. Na taɓa tambayarsa amfanin hannu ga mai agogon awon iska. Ya ce, "Mushe," (haka ake kiran malamin boko a nan) "taya in ta yi zafi agogo shaidar zur yake yi mata. Sai ya nuna iska ta yi yawa, wawa ya rage, ya ƙarasa ta." In hannun ya ce a jira, jira ake yi, har tayar ta huce a auna ta da gaskiya. A wannan jiran yake bin tsagar da rana ta yi wa roba da farce, yana lissafa wa mai mota shekarun tayarsa kamar mai duba haƙoran akuya.

An zage shi ba adadi. Ni kaina na ce dabarar neman ciniki ce. Binta mai abinci, wadda rumfarta ke kallon bedin, ita ta gyara mani zama. Ta ce shekara talatin da suka wuce Danda ma haka ya yi imani, zafi na son a rage iska. Da hannunsa ya rage wa wata mota, ƙanensa Rayyanu na zaune bisa kaya. Ba su yi kilomita goma ba taya ta fashe, Rayyanu bai koma gida ba.

"Bai taɓa faɗa ba," in ji ta. "Kai ma kada ka ce ni na faɗa."

Na tambaye shi izini kafin in rubuta. Ya ce, "Rubuta. Wa zai karanta?"

Baba Danda, kai ne mai tsare hanya ba kaki ba usur. Mutanen da ka tsayar ga su nan ɗaya bayan ɗaya suna aurar da 'ya'yansu, kuma babu wanda ya san kai ne sila, don wanda mota ba ta faɗi da shi ba ba ya tuna ranar da ba ta faɗi ba. Kai ka sha zagin, su suka sha miya a gida.

A bazarar bana tsohon ya ɗora hannu kan tayar Inusa, ya ce, "Lafiya lau, wuce." Inusa ya taɓa don wasa, ya fizge hannu yana yarfewa. Baba Danda ya juya tafinsa ya duba. Ya yi ja, ya fara tasowa, shi kuwa bai ji komai ba. Daga baya likita ya ce ciwon suga ne ya cinye jijiyoyin. Inusa, mai bakin nan, ya zauna a benci.

"Da ba ka taɓa ba, da na sallame ka," in ji tsohon. Satin nan ya ce ya bar aikin.

Mun gode, Baba. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya jiƙan Rayyanu. Ku kuma masu mota, da mu masu riƙe ƙugu, abin bai da wuya: in kun fito daga rairayi ku mayar da iska, ku rage kaya, ku rage gudu in rana ta take. Wani cikinku ya zauna ƙarƙashin bedin nan ya iya shan zagi.

Ran Juma'a aka yi mashi addu'ar bankwana da aiki. Mota goma sha ɗaya suka zo ta hanyar rairayi. Da aka shafa, suka nemi a ƙara masu iska, aka ce injin an sai da shi tun Talata, yana Maradi. Haka suka hau gudron.