Takardar da Ta Kashe Kakanmu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na shigo gidanmu na Garwa riƙe da shaidar cewa kakana ya mutu tun kafin a haifi babana ba. Kakan nan kuwa ni da hannuna na sha matsa masa ƙafa.

Duk unguwa ta san shi da tsohon soja. Wai lokacin babban yaƙin Turawa Faransawa suka ɗebi samari suka kai su can cikin hamada, har da shi. Yana da wani dogon tabo a cinya. Duk wanda ya zauna a shagonsa na goro sai ya ji yadda jiragen sama suka yi musu ruwan bama-bamai har ƙarfe ya tsaga shi. Da baki yake kwaikwayon ƙarar jirgin, yana feshe mutane da goro, ba mai iya tashi sai ya gama.

Shekara biyar bayan rasuwarsa na gama lise, wato babbar sakandare, kaina ya kumbura da Faransanci. Na ji an ce an zuba sunayen sojojin wancan yaƙi a intanet, sai na ce bari in nemo nasa, in sa a firam, in rataya a zaure. Na tafi wani siber, wato shagon intanet, kusa da kasuwa. A cikin waɗanda aka ji wa rauni babu shi. Don kada kuɗin awata ya tafi a banza na leƙa jerin matattu, sai ga shi: sunansa, sunan mahaifinsa, unguwarmu, har da sana'ar goro. An rubuta cewa harin jirgin sama ne ya kashe shi.

Mai siber ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Ai ciwon suga ne ya kashe shi, ni na ɗauki makara."

"Nan dai sun ce bam ne."

"Malam, mutumin nan ya sha zane ni."

Ya miƙo mini takardar da ya buga ya ce, "To, sai ka je ka gaya wa Faransa."

Da ina da hankali, da na ninke ta na kai wa kakata, wadda muke kira Inna, mu biyu. Amma ina! Na jira ranar Juma'a, da baffannina suka taru cin abinci bayan masallaci, na miƙe na karanta da Faransanci, sannan na fassara, ina wani gyara murya.

Babban baffana ya tsaya da loma a hannu ya ce, "To mu kuma 'ya'yan wa ne?"

Ƙaramin baffa, wanda yake ɗan taɓa malanta, ya ce a kwantar da hankali, ai ciki yakan kwanta shekaru kafin ya tashi, littattafai sun faɗa. Goggona ta amsa daga bakin ƙofa: "Mu takwas? Layi muka yi a ciki muna jiran juna?" Sai kuma ta ce ta tuna tsofaffi suna faɗin cewa da babansu ya dawo da ƙyar aka gane shi, don ya yi ƙiba har da tumbi. Wa ya taɓa dawowa daga yaƙi da tumbi? Nan fa kowa ya tsame hannu daga kwano.

Ashe mai siber bai bar maganar a shagonsa ba. Kafin kwana uku labari ya gama kasuwa cewa mijin Inna na gaskiya ya mutu a yaƙi, wani baƙo ya zo da sunansa, ita kuma ta buɗe masa ɗaki ba aure, ta haifa masa takwas. Tsohuwar da ta haura tamanin, wadda ake kawo wa amare ta sa musu albarka, ita ce matan unguwa suka koma suna gaisarwa daga nesa. Wani dattijo mai nauyin kunne, da ya tsinci rabin zancen, ya sa babbar riga ya zo ta'aziyya. Ya tambayi yaushe za a yi sadakar uku. Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da hantsi Inna ta sa aka tara mu a tsakar gida. Ta dube ni ta ce, "Kai, mijin banza, kai ne mai tone-tone? Zauna nan."

Ta ce wa 'ya'yanta ubansu ubansu ne, aurenta kuma da shaidu aka ɗaura. Amma ko bakin hamada bai taɓa takawa ba. Da aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, sunansa mai unguwa ya rubuta, ita kuwa lokacin watanta biyu da tarewa. Sai aka sulale da shi garin Tinyer wurin abokan cinikin mahaifinsa, ya shekara huɗu yana shan kindirmo. Tabon cinyar, wani bijimi ne ya soke shi. Labarin jirage kuma a bakin waɗanda suka dawo ya tsince shi.

Goggo ta fashe da dariya har da hawaye, ƙaramin baffa yana ta salati. Babban baffa ne ya tambayi abin da ni mai Faransanci ban yi tunaninsa ba: "To Inna, wa bam ɗin ya kashe?"

Ta ce, "Yayana, shi ya tafi da sunan mijina. Ya ce Turawa suna suka sani, ba fuska ba, shi kuma ba shi da mata. Aka gaya wa mutane ya tafi fatauci Najeriya." Ta ce da aka gama yaƙi kullum tana sauraron sallamarsa. Ba ta da inda za ta je ta tambaya, don a takarda bai taɓa barin gari ba. Ko addu'a ba ta san wacce za ta yi masa ba, ta matafiyi ko ta mamaci.

Ta turo mini takardar ta ce, "Karanta mini kuma, a hankali. Sun ce ya sha wuya?"

Na duba gaba da baya, babu. Na ce mata wuri kawai suka rubuta, da rana, da cewa nan take ne aka rasa shi. Ta sa na maimaita sunan wurin sau uku tana bi da leɓe.

Juma'ar da ta biyo aka yi sadaka a ƙofar gidanmu, liman ya ambaci sunan yayan Inna na gaskiya a gaban jama'a, ita ta ce a faɗi komai. Masu gaisuwa daga nesa suka shigo har ɗaka suna sunkuyar da kai. Na yi murna da mutuncinta ya dawo, amma na san ni na tilasta mata ta saye shi da asirin mijin da ta rufa wa baya duk rayuwarta.

Tun daga ranar na koyi cewa takarda suna take riƙewa, mutumin yana wurin waɗanda suka yi kukansa. In ka tono abin da ya shafi matattu, ka fara kai wa tsohuwar da ke raye kafin ka karanta wa taro.